Rumbun Yawu

A San Casiano in aka yi sata ba a wahalar da kai wajen neman ɓarawo, Fulgencio Ojeda ake ɗaukowa. Abin ya samo asali ne tun yana saurayi, ranar da wata saniya ta biyo shi gida, kamar yadda shi yake ba da labarin. Alƙali kuwa ya lura cewa igiyar wuyan saniyar a hannun Fulgencio take, sai ya ba shi masauki a gidan yari. Ya gama zamansa ya fito, ya yi aure, ya buɗe rumfar faci a bakin titin Asunción, har furfura ta fara leƙo masa, amma a idon Comisario Gauto, shugaban caji ofis ɗin garin, saniyar nan tana nan tana bin sa a baya. Kaza ta ɓace, a ɗauko Fulgencio. An yanke wayar wutar makaranta, a ɗauko Fulgencio. Har kan keken Fada ya taɓa kwana a bayan kanta, kafin Fada ya tuna cewa a shagon mai aski ya jingine shi ya dawo coci a ƙafa. Ba wanda ya ba Fulgencio haƙuri, an dai sallame shi an ce ya kiyaye gaba.

Comisario Gauto mutum ne mai alfahari da hancinsa. Yakan ce shi da shaƙar iska yake gane mai laifi, kuma gaskiya hancin bai taɓa ba shi kunya ba, tunda kullum rumfar faci yake kai shi.

Da gwamnati ta fito da dokar nan ta cewa duk wanda kotu ta taɓa ɗaurewa sai an ɗebi samfurin ƙwayoyin halittarsa an adana a babban birni, mutanen garinmu ba su ɓata bakinsu da dogon sunan ba, suka raɗa wa abin Rumbun Yawu. Fulgencio ya amsa kiran yana huci, a ganinsa wani sabon wulaƙanci ne. Wata mata mai farar riga ta sa shi ya buɗe baki, ta goga masa auduga a cikin kumatu, ta jefa a kwalba. Da ya tambaye ta ko yawun talaka ma gwamnati ta fara karɓa, ba ta ji haushi ba. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani: duk inda ɓarawo ya bar gashi ko jini ko yawu, na'ura za ta gwada da na mutanen da ke cikin rumbun. In na wani ne a cikinsu, ta faɗi sunansa. In ba nasa ba ne, ta wanke shi tas, kuma ba ɗan sandan da ya isa ya yi mata musu.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta shiga jikin Fulgencio. Mutumin da ya tafi yana zagi ya dawo yana wa'azi. Duk wanda ya kawo taya sai ya saurari huɗuba kafin a taɓa masa ita. Yakan ce masu sata a gari ɗaya ba su da yawa, su ne dai suke maimaitawa, kuma in suka san yawunsu na ajiye za su yi tunani kafin su haura katanga. Yakan ce na'ura ba ta da ɗan'uwa, ba ta da jam'iyya, ba a kai mata kaza, ba ta san wanda ya taɓa jan saniya ba. Ya faɗi wannan a rumfa, ya faɗa a ƙofar coci, har gidan rediyon gari ya buga waya ya faɗa. Direbobi suka fara kiran sa Doctor Yawu, shi kuma yana amsawa da fara'a. Comisario ya ce shi duk wannan almubazzaranci ne, rumbunsa na cikin kansa kuma ba ya buƙatar wutar lantarki.

Mutum ɗaya ce take sauraron huɗubar nan ba tare da dariya ba, 'yarsa Yerutí. Ta girma tana ganin motar 'yan sanda a ƙofar gidansu, tana jin abin da yara ke kiran ta a makaranta, saboda haka ta riƙe maganar na'urar da hannu biyu. A wannan makon ne kuma za ta cika shekara goma sha biyar. An ɗinka rigar, an yi wa masu kiɗa magana, mahaifiyarta Petrona ta tara maƙwabta suna ta shirin chipa, burodin rogo da cuku, da gashin nama. Ranar Asabar, bayan an fito daga coci, uba zai kama hannun 'yarsa su buɗe fili da rawar vals a gaban kowa. Fulgencio bai taɓa son wani abu a duniya kamar wannan rawar ba. Yana so garin nan ya gan shi sau ɗaya a tsakiyar taro da kwat a jikinsa, ba ɗan sanda a gefensa. Kullum da yamma yakan rungumi tsohuwar taya yana juyi a cikin rumfa, yana ƙirga kiɗan da baki.

Ana cikin wannan shiri aka shiga gidan Ña Eduvigis, matar marigayi mai kantin magani. Ta je maƙwabcin gari duba ƙanwarta, ta dawo ta tarar an ɓalle ƙofar baya da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya haushi a San Casiano. An ɗauke talabijin, an ɗauke keken ɗinki, an ɗauke sirdin marigayi. Sai dai zafin ranar ya fi ƙarfin ɓarawon. Kafin ya fita ya buɗe firji ya ɗauko ƙanƙara, ya buɗe kabad ɗin gilas ya ɗauko ƙahon da marigayin ke shan tereré, shayin ganye mai sanyi, da bututunsa na azurfa, ya zuba ganye ya zauna a kujerar falo ya sha abinsa a natse. Ya gama ya bar su a kan tebur bai tafi da su ba, don sata daban rashin tarbiyya daban. Ña Eduvigis ta rantse cewa tun ranar da aka binne mijinta ta wanke bututun nan ta ajiye, ba bakin da ya sake taɓa shi.

Saje Venancio aka aiko ya ɗauko Fulgencio, kamar kullum. Venancio shi ne uban baftismar Yerutí, padrino kamar yadda take kiran sa, shi ya riƙe ta a coci tana jaririya, don haka su biyun compadre suke kiran juna, kuma kamun nasu ya daɗe da zama kamar ziyara. Ya tambaye shi inda yake da tsakar ranar, Fulgencio ya ce yana barci a gindin mangwaro. Ya tambaye shi ko yana da shaida, ya ce shaidunsa duka su ma barcin suke. Amma da Fulgencio ya ji labarin bututun sai fuskarsa ta washe, ya rufe rumfa da kansa, ya riga Sajen shiga mota. Ya ɗago wa Yerutí hannu ya ce ta ci gaba da gwada takalmanta, wannan karon na'ura ce za ta yi magana.

Sa'a ta yi masa, a ranar mai gabatar da ƙara tana gari, wata matashiyar lauya da kowa ke kira Doctora. Ita ta isa gidan Ña Eduvigis kafin 'yan sanda su gama yi masa kaca-kaca. Ta sa safar hannu ta zare bututun, ta sa a leda ta liƙe, ta damƙa wa Comisario ya sa a motar safe mai zuwa babban birni. Ta ce sakamako ba zai daɗe ba, domin tun da aka ƙaddamar da na'urar ba ta kama kowa ba, kuma manya a can sun matsu su samu abin faɗa wa 'yan jarida. Comisario ya jefa ledar a durowa yana taɓe baki.

Wunin nan an yi zafin da ba a magana. Fankar caji ofis tana juyawa ne kawai don kada a ce ba ta aiki. Motar sintiri ta fita, kuma wani marar imani a cikin yaran ya tafi da bututun ofis a aljihunsa. Saje Venancio ya zauna da ƙaho cike da ganye, ga jug ɗin ruwan ƙanƙara an daka masa na'a-na'a yana ƙamshi, ga shi ba abin zuƙa. Ya duba bayan kabad, ya duba ƙarƙashin benci, ya fita ya leƙa shagon da ke kallon ofis ya tarar an rufe. Wanda bai taɓa zama da tereré a gabansa ba tare da bututu ba bai san abin da bawan Allah nan ya ji ba, kuma ni ba zan ce ya yi daidai ba, amma na san mutane da yawa a garin nan da za su buɗe durowar kafin shi. Ya ɓare ledar a hankali daga gefe. A lissafinsa yawun ɓarawo ya riga ya bushe ya kama ƙarfen, ba inda zai je, in an gama a mayar.

Ya sha na farko ya lumshe ido. Ya zuba wa magatakarda, ya zuba wa wata tsohuwa da ta zo ƙarar ɓatan akuyarta. Daga nan layi ya zo kan mutumin da ke bayan kanta. A ƙasar nan ana iya ɗaure mutum, ana iya yi masa sharri, amma ba a zagaya da ƙaho a tsallake shi, ballantana compadre.

Fulgencio na tsakiyar huɗuba a lokacin. Ya kama ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya yana yi wa tsohuwar bayanin cewa da akuyarta ta taɓa zaman gidan yari, da yanzu an gano inda take. Ƙaho ya zo ta tsakanin ƙarafa, ɗaya hannun ya karɓa shi kaɗai, kamar yadda yake karɓa tun kafin ya iya ɗaura wando. Ya kai baki, ya zuƙe har ƙasa, har bututun ya yi ƙarar nan ta ƙarewar ruwa. Sanyin ya ratsa shi ya yi ajiyar zuciya. Sai da zai miƙa ne ya ji nauyin abin bai yi kama da na ofis ba, wanda duk ya lanƙwashe ya yi baƙi. Ya duba. Azurfa ce tsantsa, bakinta da ruwan zinariya, ga harufan sunan marigayi mai kantin magani a jiki.

Ya ɗago ya dubi Venancio.

"Compadre, wannan daga ina?"

"Aro na yi, yanzu zan mayar," in ji Venancio. "Ka sha mana, ko ruwan bai yi sanyi ba?"

"Ka kashe ni, compadre."

Venancio ya yi dariya ya ce ai ba shi kaɗai ya sha ba, ga shi shi ma ya sha, ga magatakarda, ga baba. Yana cikin lissafa su dariyar ta fara raguwa a fuskarsa, don shi ma ya sha jin huɗubar, ya san su wa ke cikin rumbun da su wa ba sa ciki.

Suna haka Comisario Gauto ya shigo yana fifita da hula. Bai tambayi komai ba, ya karɓi ƙahon ya sa aka zuba masa, ya zuƙe. Da ya cire daga baki ya ga abin da ke hannunsa, sai ya dubi durowa, ya dubi Saje, ya dubi Fulgencio. Kowa na jiran tsawa. Fulgencio ya fara roƙo, ya ce a kira Doctora a gaya mata abin da ya faru tun kafin motar safe ta tashi. Comisario bai ko kalle shi ba. Ya tambayi magatakarda ko kotu ta taɓa ɗaure shi, ya ce a'a. Ya tambayi tsohuwar, ta yi alamar gicciye ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce shi ma dai bai tuna an taɓa ɗaure shi ba. Daga nan ya yi wani murmushi da garin nan bai taɓa gani a fuskarsa ba.

"Saje, nemo safar hannu," in ji shi. "Kada wanda ya sake taɓa wannan da hannu, shaida ce."

Da kansa ya mayar da bututun cikin leda, ya liƙe da kyau fiye da yadda Doctora ta yi. Ya sallami tsohuwar da alkawarin za a nemo mata akuyarta in ta iya riƙe bakinta. Washegari shi ya kai ledar tasha, ya tsaya har motar ta tashi.

Fulgencio ya yi kwanakin nan yana lallashin kansa. Ya ce wataƙila yawun ɓarawon bai wanku duka ba, wataƙila shi ma yana cikin rumbun, na'ura ta faɗi suna biyu. Petrona ta kawo masa abinci, bai gaya mata komai ba, don bai san ta inda zai fara ba. Venancio kuwa ya koma shiga ofis ta ƙofar baya.

Ranar Juma'a sakamako ya iso. Na'ura ta ce ta ga yawun mutane da dama a cakuɗe, ta gwada da duk na cikin rumbu, kuma suna ɗaya ta samu. Doctora ta zo da kanta, ranta a ɓace, domin ta so mutumin nan ya fita. Fulgencio ya kwashe labari ya gaya mata tun daga zafin rana har zuwa safar hannu. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce an tabbatar mata daga can cewa ledar ta isa a liƙe. Duk da haka ta sa aka kira Saje Venancio ta tambaye shi. Venancio yana da 'ya'ya cike da gida, kuma saura kaɗan ya yi ritaya. Ya kafa ido a kan fanka ya ce shi a iya saninsa ledar ba ta bar durowa ba. Da ta tambayi dalilin yawun mutane da yawa, Comisario ya ce ai da ma ya yi zargin ba shi kaɗai ba ne, gungu ne, kuma hancinsa na kan sauran.

Da yammar nan Comisario ya shiga gidan rediyo. Fulgencio na jin sa daga akwatin rediyon magatakarda. Comisario ya ce shi tun farko yana cikin masu goyon bayan wannan rumbu, domin kimiyya ba ta da ɗan'uwa, ba ta da jam'iyya, ba a kai mata kaza. Ya ce ya yi shekaru yana faɗin wanda ke addabar garin nan ana cewa ƙiyayya ce, yau ga na'ura daga babban birni ta zo ta tabbatar. Ya yi kira ga gwamnati ta ƙaro irinta. Fulgencio ya saurari huɗubarsa daga bakin wani, kalma bayan kalma, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne har yanzu bai ga inda take da kuskure ba.

Ranar Asabar, kafin a shiga coci, Yerutí ta biyo ta caji ofis. Ta shigo da rigar bikin, ruwan hoda mai faɗi, ta tattare gefenta da hannu biyu don kada ta share ƙasa. An yi mata gyaran gashi irin na manya. Fulgencio ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa, ya ga 'yarsa ta yi kyau har ya ji kunyar wurin da yake tsaye. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ba ta labarin bututun da sauri, yana haɗa kalmomi, yana jin yadda labarin ke ƙara zama kamar na saniya a kunnensa. Ta saurara tana kallon takalmanta.

"Padrino ya ce ba a buɗe ledar ba," in ji ta.

"Padrino yana tsoron aikinsa ne, 'yata."

"Papá, kai ka ce na'urar ba ta ƙarya."

"Ba ta yi."

"To yawun na waye?"

Duk garin nan ba wanda ya kai shi iya bayanin wannan abu, amma amsar da ya samu kalma biyu ce kawai.

"Nawa ne," in ji shi.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce Mamá na jiran ta a waje, kuma an shirya padrino ne zai tsaya mata a rawar, tunda shi ne na kusa. Ta matso kamar za ta taɓa hannunsa, sai ta ga tsatsar ƙarfen ta tuna da farar safar da ke hannunta, ta fasa. Ta juya ta fita, rigar na gogar bango.

Bai daɗe da zama ba ya ji takun takalmi a baranda. Saje Venancio ne, cikin kakin da aka sha wa guga, gashi ya sha mai, yana ƙamshin turaren aro. Ya tsaya daga nesa inda ba sai sun haɗa ido ba, yana murza hularsa. Ya yi gyaran murya sau da yawa.

"Compadre," in ji shi, "ni fa ban taɓa yin rawar nan ba. Da wace ƙafa ake farawa?"

Fulgencio ya dube shi ta tsakanin ƙarafa. Akwai maganganu da yawa da ya tanadar wa mutumin nan, kuma kowace ta dace da shi. Amma ya tuna duk garin zai kewaye filin, kuma yarinyar ce za a kalla.

"Da hagu," in ji shi. "Ka riƙa ƙirgawa a zuci, kada ka kalli ƙasa. Kuma ka yi a hankali, rigar doguwa ce, kada ka taka mata."